Ranar da Yaran Gidanmu Suka Taɓa Laka a Gawi

Duk wanda ya yi ƙuruciyarsa a Njamena shekara talatin ko arba'in da suka wuce ya san babu unguwar da ba ta da fili. Akwai fili bayan masallaci, akwai kududdufin da damina ke cikawa, ga kuma yashin bakin kogin Shari. A nan muka yi langa da kokawa, 'yan mata suka yi gaɗa da carafke in farin wata ya fito. Yau filin unguwarmu ya zama shaguna, titi kuwa na masu kilando ne, ba uwar da za ta yarda ɗanta ya wuce zaure. To ina yaro zai yi wasa? Sai ɗaki, da waya a hannu.

Ban damu sosai ba sai ranar da mahaifiyata ta ce wa ɗana, yaro ɗan shekara tara, ya zo ya ƙera mata motar kara. Yaron ya juyo ya tambaye ni da Larabci, wai mene ne kara. Tsohuwa ba ta tanka ba. Sai bayan sallar isha'i ta kira ni, ta ce, "Kai wannan," don ni ne ɗan fari, ba ta faɗin sunana, "Hausar 'ya'yanka ta gaisuwa ce kawai. A titi Larabci, a lakwal Faransanci. Ran da na mutu da wa za su yi ta?" Maganar ta kwana mini a rai. Shi ya sa da hutun lakwal na watan Disamba 2024 ya zo, na ari motar wani aboki, na kwashi yara huɗu da kakarsu, muka nufi Gawi.

Gawi, wanda ake rubutawa Gaoui da Faransanci, yana arewa maso gabas da Njamena, tafiyar kilomita 10 ko kusa da haka. Da yawanmu mun tsufa a birnin nan ba mu taɓa taka shi ba, alhali baƙi daga Faransa da Jamus in sun sauka nan suke fara tambaya. Garin Kotoko ne, su kuwa Kotoko suna cewa su jikokin mutanen Sao ne, waɗanda suka zauna kudancin tafkin Chadi ɗaruruwan shekaru kafin a san za a yi wani birni a nan. Ku tuna Njamena jiya-jiya ce: a 1900 Faransawa suka kafa ta da sunan Fort-Lamy, bayan yaƙin Kuseri inda aka kashe Rabe, sai a 1973 aka sauya mata suna. Kakanninmu da suka biyo hanyar Makka a ƙafa daga Kano da Katsina da Damagaram suka yada zango a nan, sun tarar da Gawi tsohon gari ne.

Mun tashi da hantsi, hazo ya rufe gari. Da muka bar gidajen siminti a baya sai ƙasa ta buɗe, baƙar laka ta tsattsage saboda rani, ga aduwa da magarya jefi-jefi. Tun daga nesa za ka gane ka iso, don tukwane za ka fara gani kafin mutane. Randuna da tuluna da kasake jere a rana, wasu ɗanyu masu launin toka, wasu an gasa sun yi ja. Bangayen gidaje kuma an yi musu zane da ƙasa mai launi, aikin matan garin.

Muka fara da tsohon gidan sarki, wanda aka mai da shi gidan kayan tarihi. Ginin ƙasa ne mai bene, ƙofofinsa gajeru, matakalarsa ƙunci, babba sai ya sunkuya. Ni ina ta faman kare kaina daga dogaran ƙofa, su kuwa yara kamar don su aka yi ginin. Nan da nan suka ɓace mini, wannan ya leƙo ta taga, wancan ya kira daga sama. Mai kula da wurin ya nuna mana manyan randunan da mutanen Sao ke binne mamatansu a ciki, a naɗe gawa a zaunar da ita, a kife wata randa a bisa. Kakarsu ta yi salati ta ja da baya. Ɗana kuwa cewa ya yi a bar shi ya gwada shiga, na daka masa tsawa.

Sai mai kula da wurin ya shiga ba su labarin Sao kamar yadda Kotoko ke ba 'ya'yansu: wai ƙattai ne, mutum guda kan saɓa giwa a kafaɗa ya kai gida, bakansa gungumen giginya ne, in ya yi kira ana jinsa a wani gari. Wannan tatsuniya ce, shi ma bai ce a rantse a kai ba. Abin da aka tabbatar shi ne mutane ne masu garuruwa da ganuwa, gwanayen ginin tukwane da zubin tagulla. Limamin Borno Ahmad ibn Furtu ya rubuta yadda Mai Idris Alauma ya yaƙi Sao a ƙarni na 16. Masanan Faransa irin su Marcel Griaule da Jean-Paul Lebeuf sun haƙa tsofaffin tuddansu tun daga shekarun 1930, suka tono gumakan laka masu siffar mutane da dabbobi. Na tambayi yaran ko sun san dalilin da ya sa ake kiran 'yan ƙwallon ƙasarmu Sao. Ba wanda ya sani, har babbar da ke koleji. Ban ga laifinsu ba, don ni ma sai da na girma na sani.

Amma ba gidan sarki ne ya biya mini kuɗin mai ba. Da muka fito, autarmu 'yar shekara biyar ta tsaya ƙofar wani gida ta ƙi motsi. Wata dattijuwa ce zaune a ƙasa tana gina randa, ba injin juyi, ba komai, hannu ne kawai da tsinken ƙwarya da ɗan ruwa a kasko. Tana murza laka kamar igiya, ta ɗora a bakin randar, ta shafe ciki da waje, ta sake ɗora wata. Na yi sallama da Larabci, na ce, "Hajja, ki yi haƙuri, yarinya ce ta ga abin mamaki." Ta dubi yarinyar, ta yanko curin laka kamar na fura ta miƙa mata, ta ci gaba da aikinta.

Shi ke nan, sauran ukun ma suka durƙusa. Aka ƙaro laka. Da farko ba su san abin da za su yi da ita ba, suna ta jujjuyawa suna kallona, kamar masu jiran a faɗa musu dokar wasan. Sai kakarsu ta gyara zane ta zauna a ƙasa, matar da kullum ke kukan gwiwa. Ta ce wa ɗana, "Maigida, kawo nan, ragon miji, ko saniya ba ka iya yi wa matarka ba." Ta murza, ta ja tozo, ta fitar da ƙaho biyu, ta soka ƙaya wurin ido. Cikin ɗan lokaci ga bijimi tsaye. Yaran Gawi da suka kewaye mu suka kwashe da dariya, ɗaya ya ruga gida ya dawo da nasa garken, shanu da doki da raƙumi, duk na laka, an busar a rana. Ashe abin da muka yi muna yara a bakin kududdufi, su har yau suna yi. Kuma wanda ya dubi dabbobin nan, ya tuna waɗanda ya gani a gidan sarki, ba zai rasa ganin kama ba.

Abin da na lura da shi, wanda shi ne dalilin wannan rubutu, tsohuwa ba ta yi musu Larabci ko sau ɗaya ba, kuma ba wanda ya juyo ya ce in fassara. Da laka a hannu, in ta ce "murza", yaro ya ga abin da hannunta ke yi. Ta ce tozo, ta ce ƙaho, kofato, bindi, akala. Ta aiki babban ya tsinto kara a bayan gari, ya dawo da shi a rungume, yau dai ya san kara. Ta ɓare bayan da haƙori, ta yanka totuwar, ta haɗa mota da ƙafafu huɗu da gadon kaya. Kafin azahar na ji autar tana ce wa yayanta, "Ba ni ƙahon saniyata," da Hausa tsantsa. Shekara nawa ina yi musu faɗa a gida su riƙa Hausa, ban samu abin da curin laka ya samo cikin awa biyu ba. Na gane kalmomin nan ba a kan kujera muka koye su ba, a fili muka tsince su, da filin ya tafi sai suka bi shi.

Na san a birni akwai wuraren wasan yara masu lilo da motocin lantarki, ana biyan kuɗi a ƙofa. Na kai su sau da yawa, ban ce ba su da daɗi ba. Sai dai a can an riga an gama wasan kafin yaro ya zo, nasa kawai ya hau ya sauka, uba ya sake zaro kuɗi. Ba abin da zai ƙera, ba abin da kaka za ta koya masa, tana zaune a benci riƙe da takalma.

Ga wanda zai bi sahunmu, akwai magana. Gawi ba filin wasa ba ne, garin mutane ne, kuma lakar nan abincinsu ce. Mata ke haƙo ta, su jiƙa, su cuɗa, su gina, su shanya kwanaki, su gasa da ciyawa da busasshen kashin shanu, sannan a ɗauka zuwa kasuwannin Njamena, inda robar ruwa da firji suka rage musu ciniki. Yaro ɗaya in ya yi tuntuɓe cikin ɗanyun tukwane ya ɓata aikin mako. Mu ma ɗana ya taka murfi guda ya fashe, dattijuwar ta ce ba komai, amma na biya, na kuma ƙara da randa ɗaya da 'yan kasake. A yi sallama kafin a shiga, a nemi izini kafin a ɗauki hoto, kada a tafi hannu biyu. A je da rani, tsakanin Nuwamba da Fabrairu, don da damina baƙar lakar nan tana riƙe mota, zafin Afrilu kuma ba na yara ba ne. A ɗauki ruwan sha da tsofaffin tufafi.

Manya kuma ba za su rasa abin tunawa ba. A Gawi ne Mahamat-Saleh Haroun ya ɗauki wani sashe na fim ɗinsa Abouna na 2002, labarin yara biyu masu neman ubansu. A gefen garin nan kuma aka sauke dubban 'yan'uwanmu da suka gudo daga Bangi a 2014, lokacin rikicin Afirka ta Tsakiya, da yawansu yaran da ba su taɓa ganin Chadi ba sai ranar.

Mun yi la'asar a masallacin garin muka kamo hanya. Yara huɗu sun yi butu-butu, uwarsu ta gan su ta riƙe baki. Shanu bakwai muka taho da su a cikin kwali, biyu sun karye a hanya, aka sha kuka. Randar tana tsakar gida, ruwanta ya fi na firji daɗi a bakin tsohuwa. Da zan tafi na roƙi dattijuwar ta sayar mini da laka rabin buhu, ta yi dariya ta ce ba a taɓa tambayarta wannan ba, ta karɓi dala ɗari. Na zuba ta a kusurwar gida bayan madafa, ana yayyafa mata ruwa. Yanzu ranar Lahadi 'ya'yan maƙwabta ma shigowa suke yi, har da waɗanda ba Hausawa ba, kuma ƙa'idar tsohuwa ɗaya ce: wanda ke son laka, da Hausa zai roƙa.