Baƙon Dare a Timiya

Ina ɗan shekara 11 Kawu ya tafi da ni Timiya, can cikin duwatsun Abzin, arewa da Agadas. Ƙarshen damina ne, ƙoramar da ta ratsa kwarin ta gama gudunta, ta bar yashi mai laima. Kowa da lemo da rumman yake tuna Timiya. Ni kam wani ƙwaro ne ya zauna mini a rai.

Bayan magariba muka zauna bakin garka, a gindin wani baƙin dutse, mai masaukinmu yana fifita gawayin shayi. Kawu ya kunna fitilar ƙwai. Kafin a zuba shayin farko, faɗa-wuta sun yi wa fitilar caa, ƙanana, wasu launin toka, wasu launin yashi. Sai ga wani ƙato ya dira a hannun rigata. Jikinsa ya kai kaurin ɗan yatsana, fukafukansa ruwan ƙasa ne da fararen zane kamar an ja da alli. Da ya ɗan buɗe su, na hango ja-ja a ƙarƙashi. Na ɗaga hannu zan make shi.

"Kul, yaro!" in ji Kawu. "Baƙo ne, ba a dukan baƙo."

Ashe baƙon ne kuwa. Sai da na girma na san masana na kiran irinsa Hyles livornica. Da almuru yakan tsaya cak a iska gaban fure, ya zura dogon bakinsa ya sha zaƙin. In ruwa ya sauka a hamada, tsirrai suka fito, tsutsarsa kan yi ta ci kafin ganyen ya bushe. Wasunsu har tekun Bahar Rum suke ƙetarewa su faɗa Turai.

A 1920 wani Bature, Angus Buchanan, ya taso daga Kano har Abzin yana tara tsuntsaye da ƙwari. A 1921 Lord Rothschild ya wallafa bayanin faɗa-wutan da aka kamo, kowanne da sunansa. Mu da muke kwana da su, faɗa-wuta kawai muke ce musu duka. Wannan yana damuna har yau.

Kawu ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa. Washegarin daren nan na tarar da ƙurar fukafukan a hannun rigata, mai laushi kamar garin kwalli. Ban yarda an wanke rigar ba har muka koma Agadas.