Zafin Kwano Da Sanyin Soro: Abin Da Na Koyo A Sabon Birnin Gobir

Duk wanda ya bar Sakkwato da sassafe a cikin watan Afrilu, ya bi ta Achida ya wuce Goronyo, to kafin ya isa Sabon Birni rana ta riga ta gama gaisawa da shi. Haka ta kasance gare ni a tafiyar da na yi ta ziyarar wani dattijo, abokin mahaifina. Hanyar a yanzu ba ta da daɗin bi, domin kowa a cikin mota bakinsa ɗauke yake da addu'a, kuma direba ba ya son la'asar ta riske shi a daji. Amma da muka doshi fadamar Rima, inda Gulbin Maraɗi ke gangarowa daga Nijar ya haɗu da ruwan wannan yanki, na ga lambunan albasa da tattasai sun yi kore a tsakiyar ƙasar da ta bushe ƙurmus, sai na tuna dalilin da ya sa Gobirawa suka ƙi rabuwa da wannan wuri duk da abin da suka sha a cikinsa.

Sunan garin kansa labarin sake gini ne. Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a hannun mayaƙan jihadi a 1808. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836, Gobirawan da suka ƙi miƙa wuya suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Daga baya wani reshe na gidan sarautar, ƙarƙashin Ɗan Halima, ya dawo bakin Rima ya kafa sabon mazauni, aka kira shi Sabon Birni. Mutanen da suka saba tayar da gari daga kufai ke nan. Yau ma, bayan shekarun da 'yan bindiga suka yi suna ƙona ƙauyuka a ƙasar Sabon Birni da Isa, suna korar dubban mutane zuwa cikin gari ko zuwa ƙetaren iyaka a jihar Maraɗi, wani zamanin sake gini yana tafe. Tambayar da ta biyo ni har gida ita ce, da wane irin ɗaki za a sake ginawa, kuma wa zai lissafa zafin da za a sha a cikinsa?

Abin da ya jefa ni cikin wannan tunani ɗakuna biyu ne a gida ɗaya. Mai masaukina ya girmama ni, ya sauke ni a sabon ɗakin da ɗansa ya gina da bulo da siminti, rufin kwano, babu silin, ga babbar taga ta gilashi tana fuskantar yamma. Da azahar ta wuce na gane cewa an sauke ni a cikin tanderu. Ruwan da ke cikin buta ya yi ɗumi kamar an ɗora shi a wuta, fanka kuwa tana rataye ba ta motsi don babu lantarki. Da na kasa jurewa sai na fito na tarar da dattijon kishingiɗe a tsohon zaurensa na ƙasa, mai katanga da kaurinta ya kusa kamu guda, da rufin azara da 'yar taga can sama. Ina shiga na ji kamar an yaye mini bargo.

Ya dube ni ya yi murmushi ya ce, “Ɗana, ai na san za ka taho. Soro na da haƙuri. Zafin da rana ta ba shi da azahar riƙewa shi kai, sai dare ya raba shi ka biyan bashi, sa'annan kowa na tsakar gida bisa tabarma.”

Na ce, “To Baba, me ya sa yaranku suka bar shi?”

Ya ce, “Damina. Kowace shekara sai yaɓe, in an yi ambaliya kuma katanga ta zube. Ga azara ta yi tsada, giginyar ta ƙare. Kuma yanzu wanda bai rufa kwano ba, ba a ba shi mata.”

Maganar dattijon nan, ba tare da ya taɓa shiga jami'a ba, ita ce tushen wani fanni na aikin injiniya da ke ciyar da mutane da yawa a duniya, wato lissafin makamashin gini. Masu wannan sana'a aikinsu shi ne su gano, tun kafin a haƙa harsashi, yawan zafin da zai shiga gini, ta ina zai shiga, da ƙarfe nawa, kuma nawa za a kashe na lantarki ko mai don fitar da shi. Idan ginin ya riga ya tsaya, sai su shiga da ma'auni su bincika inda makamashi ke zurarewa, su faɗa wa mai shi gyaran da ya fi araha.

Bari in kawo misali da ɗakin da na kwana. Idan sama ta yi garau, rana tsaka tana zuba kimanin wat 1,000 a kan kowace murabba'in mita. Ɗaki mai faɗin mita 4 da tsawon mita 4 rufinsa murabba'in mita 16 ne, ke nan wajen wat 16,000 ke sauka a kansa, kwatankwacin dutsen guga 16 da aka jona a lokaci ɗaya. Kwano siriri ne, ba ya riƙe komai, abin da ya sha nan take yake amayarwa a kan wanda ke ƙasa, kuma idan ya yi tsatsa ko duhu sai ya ƙara sha. Sabon Birni tana sama kaɗan da digiri 13 arewa da layin da ya raba duniya biyu, shi ya sa a ƙarshen Afrilu, daidai lokacin da zafin inuwa ke wuce digiri 40, rana kan tsaya cak a tsakiyar ka. Rufi ne ke ɗaukar mafi yawan dukan, sai bangon gabas da safe, sai bangon yamma da la'asar. Duk wanda ya san wannan zai miƙar da dogayen bangayen gininsa su fuskanci kudu da arewa, ya ƙanƙanta tagogin yamma, ya yi musu inuwa da baranda ko darbejiya, ya sa silin ya bar hanyar da iska mai zafi za ta fice tsakaninsa da kwano, ya shafa wa kwanon farin fenti. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke cin mai.

Katangar ƙasa kuwa wata dabara ce daban. Saboda kaurinta da nauyinta, zafin da ya faɗa mata da rana sai ya yi awoyi masu yawa kafin ya ratsa zuwa ciki, wanda shi ne bashin da dattijo ya ambata. Amma tana da aibinta, domin a daren bazara idan babu tagogin da za a buɗe iska ta kwashe zafin, ɗakin kan kwana da ɗumi, kuma yau a ƙauyukanmu tsoro ya hana mutane da yawa kwana a tsakar gida. A nan ne mai lissafi ke da rana. Da manhaja irin EnergyPlus, wadda ma'aikatar makamashi ta Amurka ta samar kuma ake saukewa kyauta, yakan zana ginin a kwamfuta, ya zuba mata bayanan yanayin yankin, ita kuma ta lissafa masa zafin kowane ɗaki a cikin awoyi 8,760 na shekara. Sai ya canza kaurin bango, ko ya matsar da taga, ko ya ɗaga rufi, ya sake dubawa. Kuskuren da za a yi da siminti a zauna da shi shekara talatin, sai a yi shi a allon kwamfuta a goge.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan baƙon abu ne a Nijeriya. A 2016 ma'aikatar lantarki da ayyuka da gidaje ta tarayya, tare da tallafin hukumar GIZ ta Jamus, ta fitar da jagorar tsimin makamashi a gine-gine, a 2017 kuma aka ƙaddamar da kundin ƙa'idojinsa. Daga cikin abin da kundin ya tanada akwai cewa faɗin tagogi kada ya wuce kashi 20 cikin 100 na bango sai an yi musu inuwa, kuma dole a sa wa rufi abin tare zafi. Matsalar ita ce izinin gini a hannun jihohi yake, kuma ƙa'ida ba ta aiwatar da kanta sai da mutanen da suka iya aunawa. Cibiyar binciken makamashi da ke Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato ta shafe shekaru tun farkon shekarun 1980 tana aiki a kan hasken rana da murhu mai tsimin itace. Ilimin yana kusa da mu, ɗaukar sa zuwa bakin Rima ne ya rage.

Maƙwabtanmu ma sun nuna cewa da tsohuwar zuma ake magani. A Yaama ta jihar Tawa, maginin gargajiya Falke Barmou ya gina masallacin ƙasa da ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 1986. A Dandaji, Mariam Issoufou Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun gina sabon masallaci da tubalin ƙasa da aka matse da inji, suka mayar da tsohon ya zama ɗakin karatu. A Gando ta Burkina Faso, Francis Kéré ya gina makarantar firamare da ƙasa a 2001, ya ɗaga kwano can sama da silin na laka don iska ta riƙa ratsawa tsakani, kuma a 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi lambar Pritzker, mafi daraja a fannin zanen gini. Ginin Kéré ya amsa ƙorafin dattijona: harsashi mai ƙarfi da ke ɗaga bango sama da ruwa, da rufi mai faɗin baki da ke kare shi daga damina, ba tare da an jefar da sanyin ƙasa ba. Mu da muka gaji Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, bai kamata mu zama 'yan kallo ba.

To ina abincin yake a wannan sana'a? Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, kowane mai janareta ya zama ɗalibin lissafi. Asibiti ko makaranta ko otal da ke son komawa kan sola, abu na farko da ya kamata ya sani shi ne yawan wutar da yake buƙata, domin kowane wat da aka rage, faranti ne da batir da ba za a saya ba. Na'urar sanyaya ɗaki mai doki ɗaya da rabi kan ja wat 1,000 ko fiye, alhali ƙwan lantarki na zamani mai wat 10 yana ba da hasken tsohon ƙwai mai wat 60. Ƙaramin asibitin karkara da aka gina da hankali, 'yan farantai kaɗan za su riƙe masa firjin allurar rigakafi da fankar ɗakin haihuwa. Wanda aka gina da ganganci kuwa, ko an ninka masa farantan, mai naƙuda za ta sha wuya. Kamfanonin sola, da ofisoshin masu zanen gini, da hukumar samar da lantarki a karkara, da ƙungiyoyin agaji masu gina matsugunan 'yan gudun hijira, duk suna buƙatar wanda zai yi musu wannan lissafi. Akwai kuma tsarin EDGE na hukumar IFC, reshen Bankin Duniya, wanda ke ba gini shaida idan ya rage kashi 20 cikin 100 na makamashi da ruwa, kuma yana da jarrabawar da ƙwararru ke ci su zama masu tantancewa.

Hanyar shiga ba ɓoyayyiya ba ce. Yaro ko yarinya daga Gatawa ko Isa da ya riƙe lissafi da fiziks a sakandare, zai iya neman injiniyancin injuna ko na lantarki, ko zanen gini, ko fasahar gini, a Jami'ar Danfodiyo ko ta Ahmadu Bello a Zariya ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi. Sauran kuma kwamfuta ce da naci. Ban manta ba cewa a wannan yanki makarantu da dama sun rufe saboda rashin tsaro, kuma a 2021 an taɓa katse layukan waya gaba ɗaya. Amma farkon sana'ar bai wuce ma'aunin zafi biyu da littafin rubutu ba. Ɗalibin da ya rataya ɗaya a zauren kakansa, ɗaya a ɗakin kwanon yayansa, ya riƙa rubuta abin da suka nuna kowace awa har mako guda, ya riga ya fara aikin, kuma ya tara bayanin da babu shi a littattafan da aka rubuta don ƙasashen sanyi.

Kirana ga gwamnatin jihar Sakkwato da shugabannin ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa shi ne, duk kwangilar aji ko asibiti ko gidan 'yan gudun hijira da za a bayar, a sa sharaɗin a nuna lissafin zafin ɗakin kafin a biya kuɗin somin aiki. A kuma haɗa matasan injiniyoyi da tsofaffin magina tun suna raye, domin abin da ke hannunsu ba a rubuce yake ba. Mun san lokacin zafi shi ne lokacin sanƙarau, kuma cunkoso a ɗakin da iska ba ta ratsawa yana taimaka masa. Yaro sittin a aji mai rufin kwano da ƙarfe ɗaya na rana ba karatu suke yi ba, jiran tashi suke yi.

A darena na biyu na roƙi Baba ya bar ni in shimfiɗa tabarma a zaure. Ya yi dariya ya ce baƙo ya ƙi ɗakin girma. Da asuba da na tashi alwala na dafa katangar, na ji har yanzu da sauran ɗumin jiya a jikinta, ga kuma iskar fadama tana shigowa ta 'yar tagar nan ta sama. Kafin in kama hanya na ce wa ɗansa ya fara da silin da farin fenti, ya dasa darbejiya biyu a yammacin ɗakin, ya yi alkawarin zai yi bayan ya sayar da albasa.

Allah Ya kawo wa ƙasar Gobir zaman lafiya, Ya mayar da kowa gidansa, Ya kuma sa gidan da za a koma ya zama wurin hutawa.