Na Saya Ko Ban Saya Ba?

Sana'ata a Kwatano sayar da kayan lantarki na hannu ne: rediyo, tsofaffin kwamfutoci, na'urorin wasan yara da faya-fayansu. A gida in aka ce abu ɗan Kwatano ne, kowa ya san wani Bature ya more shi kafin ya iso. To mu ne muke tsaye a bakin kwantenar. Ƙa'idar sana'ar kuwa ɗaya ce tun da na shige ta: a jona kaya a gaban mai saye, ya gani da idonsa yana aiki, ya biya, ya tafi. Abin da ya same shi bayan nan tsakaninsa da ƙaddara. Shekara goma sha shida ina kan wannan ƙa'ida, ban taɓa jin tana da rami ba sai bara.

Akwai wani tela maƙwabcina a Zongo, mutumin kirki, shi ke ɗinka mana kayan Sallah. Ɗansa ya ci jarrabawar gama firamare, sai ya zo ya ɗauki PS4 ta hannu a wurina, ya biya sau huɗu. Ya haɗa da faifai ɗaya na jaka takwas, wanda yaron ya zaɓa da kansa. Ba zan kama sunan wasan ko kamfaninsa ba. Na dai san irin wanda ba ya buɗewa sai an jona intanet ne, don haka da wayata na ba shi rezo muka gwada a shago, ya kama tsaf. Yaron nan ya fita yana rungume da kwali kamar an ba shi jariri.

Bayan wata bakwai sai ga su sun dawo, uba a gaba, ɗa a baya. Tela ya ce, "Alhaji, faifan nan ya tsaya. Kwana uku ke nan yana nuna rubutu ɗaya."

Na karɓa na sa a tawa na'urar. Hoton farko ya fito, kiɗa ya tashi, sai wani ɗan zobe ya yi ta juyawa, daga nan rubutu ya bayyana cewa an kasa haɗuwa. Na ce rezo ne. Na canza waya, haka. Na ciro faifan na ɗaga shi ga haske, na hango wani ɗan layi siriri a gefe. Nan fa na yi abin da har yau yake damuna. Na dubi yaron a gaban ubansa na ce, "Kai ne ka karce shi. Ku yaran yanzu ba ku san darajar kuɗi ba." Yaron ya ce wallahi kullum a kwali yake mayar da shi. Uban ya daka masa tsawa ya yi shiru. Suka tafi, yaron yana share ido da bakin riga.

Da daddare nake ba da labarin a gida, babban ɗana yana gefe yana latsa waya. Ya tambaye ni sunan wasan, na faɗa. Bai yi minti biyu ba ya ce, "Baba, ai yaron nan ba shi da laifi. An kashe wasan ne."

Na ce wa ya kashe shi, yana ɗakin tela a Zongo?

Ya zauna ya yi mini bayani, ni da nake sayar da abin. Ashe irin wannan faifai rabin wasa ne kawai a cikinsa: hotuna, sauti, taswira. Ɗaya rabin yana can cikin manyan kwamfutocin kamfani a wata ƙasa, waɗanda yara ke kira saba. Duk sanda ka kunna, na'urarka sai ta yi sallama a can, a amsa, sannan ƙofa ta buɗe. A can ake ajiye matakin da ka kai da duk abin da ka tara. Waɗannan kwamfutoci kuwa suna cin wuta, suna cin albashin masu kula da su. Ranar da kamfani ya yi lissafi ya ga masu wasan sun ragu, kuɗin da ke shigowa bai kai wanda ke fita ba, sai ya sa rana ya kashe. Daga ranar, faifanka ko sabo ne dal cikin leda, sallama zai yi ta yi a gidan da babu kowa.

Na tashi na je shago a daren nan da tocila. Ƙarƙashin kanta akwai sauran kwafi goma sha ɗaya na wasan, cikin kayan da na fasa tare da na telan. Sai a lokacin na gane dalilin da ya sa suka zo da yawa haka, kuma da araha. Waɗanda suka loda su a can sun ji sanarwa, sun san ranar mutuwarsu. Ni ne ban sani ba.

Ɗana ya nuna mini cewa abin ya daɗe yana faruwa, kuma akwai wanda ya tayar da ƙura a duniya. Wani wasan tseren motoci ne mai suna The Crew, na kamfanin Ubisoft na Faransa, ya fito a 2014. A watan Disamba 2023 kamfanin ya janye shi daga kasuwa, ya ce zai rufe sabarsa ranar 31 ga Maris 2024, yana kafa hujja da sha'anin kwamfutocin da kuma lasisi. Ranar ta zo, aka rufe. Har wanda yake tuƙinsa shi kaɗai, ba ya tsere da kowa, motarsa ta mutu. Wasu mutum biyu a Kalifoniya suka kai ƙara kotu, lauyoyin kamfanin suka amsa cewa abin da mutane suka biya izinin amfani ne mai iyaka, wasan bai taɓa zama mallakinsu ba.

Wannan amsa ita ta tsaya mini a wuya, don washegari tela ya yi mini tambayar da ta yi daidai da ita. Na je shagonsa na faɗa masa gaskiya, cewa kamfani ne ya rufe. Ya ajiye almakashi ya ce, "To Alhaji, ni dai tambayata ɗaya. Na saya ko ban saya ba? In na saya, ina kayana? In haya na yi, me ya sa ba ka gaya mini ranar da za ta ƙare ba?"

Ban sami amsa ba. Mu 'yan kasuwa mun san saye, mun san haya, kuma ba ma haɗa su. Rumfar da nake ciki haya ce, na san kuɗinta, na san watan da za a sake zama. Babur ɗina saye ne, ko kamfanin da ya ƙera shi ya ruguje gobe, zan hau abina har ya tsufa. Keken ɗinkin telan ya girmi ɗansa, wanda ya ƙera shi ba shi da hanyar miƙo hannu daga wata ƙasa ya tsayar da allura. Amma ga wani ciniki da ake karɓar kuɗinsa da sunan saye, a riƙe shi kamar haya, kuma wa'adin yana aljihun mutum ɗaya, ya ciro shi ranar da ya ga dama.

Bayan sallar asuba na tsayar da malaminmu na ba shi labari. Ya ce shi bai san wasan gem ba, kuma ba zai yanke hukunci kan kamfanin da bai ga takardarsa ba. Amma abin da ya sani, haya ba ta inganta sai an san kuɗi an san wa'adi, cinikin da aka jahilci ƙarshensa kuwa garari ne. Game da wanda na sayar wa tela, ya ce tun da ban sani ba lokacin ciniki, babu zunubin ha'inci a kaina, in na mayar masa da wani abu kyautatawa ce. Sai ya tambaye ni, "Akwai saura a hannunka?" Na ce goma sha ɗaya. Ya ce, "To waɗannan ka sani."

Kamar ya leƙa zuciyata. Akwai wani abokin ciniki da ke zuwa daga arewa duk wata, yana kwasar faya-fayai a dunƙule ya kai garuruwan bakin iyaka. Ba ya gwadawa, ƙirgawa kawai yake yi. Faya-fayan nan suna sheƙi, kwalayensu lafiya lau. In na cusa su cikin hamsin, sai sun yi tafiyar kwana biyu sun shiga hannu uku kafin wani yaro ya gano. Ba zan ɓoye muku ba, kwana biyu na bar su a cikin kayan da na ware masa. Ina ce wa kaina ai ni ma haka aka yi mini. Uwargida ce ta ji ina lissafin a bakina, ta ce, "Alhaji, wanda zai saya a ƙarshe ɗan wani telan ne fa." Na cire su.

In za a yi adalci, kamfanonin ma suna da abin faɗa. Ba wanda zai ɗauki nauyin wuta da ma'aikata har abada saboda mutum ɗari da suka rage, ni ma da ni ne ba zan yi ba. Ƙungiyarsu ta Turai ta ce barin wasa a hannun jama'a yana da tsada, kuma yana iya buɗe ƙofar ɓarna ga bayanan masu wasa. Sai dai masu ƙorafin ba su ce a riƙe saba har abada ba. Wani Ba'amurke mai suna Ross Scott ya fara gangamin Stop Killing Games a watan Afrilu 2024, buƙatarsu ita ce in kamfani zai tafi, ya bar wasan a halin da zai buɗe ba tare da shi ba. Wato in za ka bar gari, ka bar wa mai ɗaki mabuɗinsa. A Tarayyar Turai akwai tsarin da in 'yan ƙasa miliyan ɗaya suka sa hannu kan buƙata cikin shekara guda, dole hukumar tarayyar ta duba ta ta ba da amsa. A watan Yuli 2025 sa hannun ya haura miliyan. Kuma abin yana yiwuwa, don Ubisoft ɗin da kansa ya sanar a 2024 cewa zai sa wa The Crew 2 hanyar wasa ba tare da intanet ba.

Wasu kuma sun mayar da kuɗi. Sony ya fitar da wasan Concord a watan Agusta 2024, bai yi kasuwa ba, cikin mako biyu aka rufe shi aka biya waɗanda suka saya. Jihar Kalifoniya ta yi doka da ta fara aiki a 2025, wadda ta hana a rubuta wa mutum "saya" a kan kayan intanet alhali izini ake ba shi, sai an bayyana masa a fili.

Duk wannan yana da kyau, amma ku lura da inda muke tsaye. Mai mayar da kuɗi rasit yake nema, da asusun da aka yi ciniki da shi. Faifan da ya fito daga kwantena ya bi hannu huɗu ba shi da ko ɗaya. Dokar Kalifoniya ba ta san Zongo ba, sa hannun Turai kuwa sai ɗan ƙasarsu. Idan wasa ya mutu a can, gawarsa nan ake kawowa, mu saya da kuɗinmu, mu sayar wa maƙwabtanmu. Haka ma wasannin waya da yaranmu ke tura wa kuɗi suna sayen lu'ulu'u da tufafin soja: duk abin da suka tara a kwamfutar wani yake zaune, ranar da aka kashe ta ya tafi.

Yanzu kafin in karɓi kaya sai na juya bayan kowane kwali. Akwai ɗan rubutu ƙanana, da Faransanci ko Turanci, da ke cewa dole sai da intanet. In na gan shi sai ɗana ya bincika ko wasan yana raye. In yana raye nakan sayar, amma da baki nake gaya wa mai saye cewa wannan yana da ranar da ban sani ba, kuma na rage kuɗin. Wasu suna fasawa. Ribar wannan layi ta ragu, ba ƙarya.

Goma sha ɗayan nan na sa ƙusa na karce su da hannuna, na ba abokin cinikin nan kyauta, ya ce manoma suna rataye irinsu a gona don korar tsuntsaye. Telan na mayar masa da jaka takwas ɗinsa, ya ƙi karɓa sai rabi, ya ce ai yaron ya yi wata bakwai yana morewa.

Yaron ne ya fi wuya. Na kira shi shago, na ce masa a gaban ubansa ni ne na yi kuskure, bai karce komai ba, ya yafe mini. Ya sunkuyar da kai bai ce uffan ba. Na ɗauko wani faifan ƙwallo na miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu, ya jujjuya shi, sannan ya ɗago ya ce, "Baba Alhaji, wannan ma za a kashe shi?"

Na karɓi kwalin na sa tabarau na karanta bayansa har ƙasa. Na ce masa wasa da mutanen waje ta intanet, wannan wata rana za a rufe. Amma shi da ƙaninsa a ɗaki, hannu biyu da talabijin ɗaya, zai yi ta yi muddin faifan yana da rai. Ya ce in cire wayata daga na'urar in kashe rezo, mu gwada ya gani tukuna.