Hoto na Talatin da Shida

Kyamarar kwance ce, na saye ta a Kasuwar Sabon Gari ta Kano da kuɗin adashe, ina malamin firamare a Haɗeja. A wancan zamani fim ake sakawa, kowane fim kuwa hoto 36 yake ɗauka. In ka danna, ka danna ke nan. Ba ka san abin da ka kama ba sai an kai Kano an wanke. Abokaina sun zaci sana'ar hoton biki da suna zan shiga. Da na ce tsuntsaye nake so in ɗauka, sai suka yi ta kallona.

Tun ina yaro nake son tsuntsaye. Shamuwa ta fara sauka a kan tsamiyar ƙofar gidanmu, sai mahaifina ya ce a fito da iri, damina ta ƙarato. Amma wanda ya fi zama a raina shi ne gauraka. Sau biyu na taɓa ganinsa a fadama ina bin kakana, da tukkunsa kamar zinariya, kumatu fari da ja, yana taku irin na mai sarauta. Shi na tafi nema a Nguru cikin wani hunturu, 'yan shekaru bayan an gama madatsar Challawa a 1992.

Wani tsohon masunci Babade ya yarda ya ɗauke ni a kwalekwalensa. Ya juya kyamarar a hannu, ya mayar mini.

"Malam, wannan ba ta kisa?"

"Ba ta kisa, Baba. Kama kawai take ɗauka."

"To, in haka ne, sai ka koyi zama. Mai bindiga ma da zama yake samu."

Mun fita bayan sallar asuba, sanyi na ratsa ƙashi, hazo ya kwanta a kan ruwa. Furannin bado farare suna buɗe; da dare suke buɗewa, rana na ɗagawa su rufe, shi ya sa wanda ya makara ba ya ganin kyansu. Wani tsuntsu mai ruwan ƙasa da yatsu zaro-zaro yana tafiya a kan ganyen badon kamar a tsakar gida. Zalɓe ya tsaya cik da ƙafa ɗaya. Can gaba kirinjijiya suka tashi gaba ɗaya suna fito, ɗinya biyu suka bi bayansu da nauyin jiki. Kafin hantsi na ƙone hoto goma sha biyu, hannuna na rawa.

Baba bai ce komai ba sai da muka tsaya cin ƙosai a gindin wata goruba. Nan ya fara karantar da ni. Ya ce kada in miƙe tsaye a jirgi, kada in nuna tsuntsu da yatsa, in bar farar rigata a masauki. Ya ce in sa rana a bayana, in bar iska ta tura mu maimakon a turo jirgin da sanda. Ya nuna mini wasu ƙananan agwagi masu farin layi a saman ido, ya ce waɗannan baƙi ne, da sanyi suke zuwa, kafin zafi ya kankama sun ɓace. Daga baya na karanta cewa daga Turai da Rasha suke, suna ƙetare Sahara don su yi hunturu a wannan fadama inda kogin Haɗeja da na Jama'are suke bazuwa kafin su zama kogin Yobe. Saboda irin waɗannan tsuntsaye ne Yarima Philip na Ingila ya zo Dagona, a wannan fadama, a 1989. Baba bai san sunan ƙasarsu ba, amma ya san makon zuwansu, ya san gonar shinkafar da suke kwana kusa da ita.

A rana ta biyu hoto tara kawai na ɗauka, kuma su ne mafi kyau da na taɓa yi da fim. Akwai na wani ƙoƙi-ƙoƙi a kan karan shinkafa, ya haɗe hannuwa, raɓa a bayansa. Na kusa rabin sa'a a durƙushe cikin taɓo kafin iska ta lafa karan ya tsaya.

Gauraka dai shiru. Baba ya ce da ƙuruciyarsa garke-garke suke sauka. Ya ce tun da aka tare ruwa a Tiga ambaliya ta rage faɗi, sannan ga masu kama su da rai suna kai wa masu kuɗi a birni, a ajiye a gida don ado.

Ranar ƙarshe, hoto ɗaya ya rage mini, muna hanyar komawa da la'asar sakaliya, sai wani kuka mai kauri ya taso daga bayan bagaruwa. Baba ya danna sandarsa cikin laka, jirgin ya tsaya. Bai yi magana ba, da haɓa ya nuna. Su biyu ne, nesa sosai, a bakin wani tsibiri. Ɗaya ya buɗe fikafikai, farin ya haska, ya yi tsalle, ya sunkuya wa ɗayan. Na riƙe numfashi na danna. Fim ya ƙare, suka ci gaba da rawarsu, mu kuma muka zauna muna kallo har magariba ta kawo kai.

Da aka wanke, gaurakin sun fito ƙanana, ba su fi ƙwayar wake ba, amma tukkun ya fito, rana ta kama shi.

Na koma Nguru bayan shekaru da yawa da kyamarar zamani mai ɗaukar dubbai. Baba ya rasu, Allah ya ji ƙansa. Jikansa ne ya tuƙa ni. Hanyar ruwan da muka bi a da kacalla ta shaƙe ta, ta fi mutum tsawo, jan-baki suna fitowa daga cikinta kamar hayaƙi suna faɗa wa gonaki. Kwana huɗu na yi. Na samu belbela, na samu zalɓe da jinjimi, agwagin Turai ma suna nan. A daren ƙarshe na ciro tsohon hoton daga cikin littafi na miƙa wa yaron. Ya haska shi da fitilar wayarsa, ya daɗe yana dubawa.

"Baba, ai na san wannan," in ji shi. "Na taɓa ganin irinsa a wani gida a Kano, lokacin da na kai kifi. An yanke masa fiffike, yana yawo a gefen motoci. Ashe a nan wurinmu suke?"

Na ce masa a nan ne, bayan bagaruwar can, kuma kakansa ne ya tsayar da jirgin.