Daga Filadelfiya zuwa Arlington: Tuta Ɗaya, Kishi Iri Biyu

Duk baƙon da ya sauka a Amurka, yawan tuta ne zai fara ɗaukar hankalinsa. A ƙofofin gidaje, a gidajen mai, a jikin motocin kashe gobara, ko'ina tutar nan mai taurari 50 da ratsi 13 ce ke kaɗawa. Zuwana ya dace da makon 4 ga Yuli, ranar bikin 'yancin kansu, sai na ƙudura niyyar bin sawun wannan kishi har inda ya samo asali.

Da Filadelfiya na fara. Independence Hall gini ne na jan bulo, bai kai girman sunansa ba, amma a cikinsa wakilan yankuna 13 suka amince da sanarwar ɓallewa daga Ingila a 1776, a nan kuma aka rubuta kundin tsarin mulki a 1787. Jama'a na bin layi cikin rana, yara da tsofaffi, da sun shiga ɗakin kowa ya sassauta murya. A nan na fahimci cewa waɗannan mutane ba kaka ɗaya ya haɗa su ba, takardu biyu ne suka haɗa su. Tun 1967 masanin zamantakewa Robert Bellah ya rubuta cewa kishin Amurkawa ya ɗauki kamannin addini, yana da wuraren ziyara, da ranaku masu alfarma, da gwarazan da ake girmamawa.

Tafiya kaɗan daga nan, kusa da Ƙararrawar 'Yanci (wata tsohuwar ƙararrawa mai tsaga), akwai kufan gidan da George Washington ya zauna yana shugaban ƙasa. Bayi tara ya riƙe a gidan. Thomas Jefferson, wanda ya rubuta a sanarwar 1776 cewa an halicci mutane daidai da juna, ya mallaki bayi fiye da 600 a rayuwarsa. Dokar 1790 ta keɓe wa fararen fata 'yantattu damar neman zama 'yan ƙasa, 'yan asalin ƙasar kuwa sai 1924 doka ta ba su wannan matsayi gaba ɗayansu. Irin wannan saɓani ne ya sa a 1852 Frederick Douglass, wanda ya kuɓuta daga bauta, ya tsaya a Rochester ya tambayi masu biki me wannan rana take nufi ga bawa. Bai yi watsi da takardun ba. Da su ya kafa hujja a kan masu su.

Jirgin ƙasan Amtrak na shiga zuwa Washinton, tafiyar kusan awa biyu. Allah ya haɗa ni zama da wani dattijo Bahaushe, haifaffen zangon Kumasi, direban tasi a Bronx. Muna ratsa Baltimore, garin da yaƙin 1814 ya haifar da taken ƙasarsu, wanda bai zama na hukuma ba sai 1931, na tambaye shi:

"Alhaji, kai ma kana jin tutar nan a ranka?"

Ya ce, "Malam, na zauna jarrabawar tarihinsu na ci, na ɗaga hannu na yi rantsuwa. 'Ya'yana a nan aka haife su. Wanda ya ce ni ba ɗan ƙasa ba ne, sai ya je ya yi gardama da kundinsu."

Maganarsa tana da tushe, domin gyara na 14 da aka yi wa kundin a 1868 ne ya ba wa wanda aka haifa a ƙasar haƙƙin zama ɗanta. Amma ya ƙara da cewa akwai fasinjojin da ke jin sunansa su canza fuska. A wurinsu Amurka gado ce ta wasu jama'a masu launi da addini sananne, sauran kowa ɗan ci-rani ne. Waɗannan fahimtoci biyu su ne ke kokawa a kowane zaɓe.

Kokawar ta sha zuwa kotu. Rantsuwar biyayya ga tuta da yara ke yi a makarantu, Francis Bellamy ne ya rubuta ta a 1892, aka saka sunan Allah a ciki a 1954, lokacin yaƙin cacar baka da Tarayyar Sobiyet. Duk da haka Kotun Ƙoli ta yanke a 1943 cewa ba a tilasta wa ɗalibi ya yi ta, a 1989 kuma ta ce ko ƙona tuta yana cikin 'yancin faɗar albarkacin baki.

Zangona na ƙarshe maƙabartar sojoji ce ta Arlington, ƙetaren kogin Potomac, inda aka binne mutum sama da 400,000. Fararen duwatsu ne a jere iya ganinka, yawanci da alamar kuros, wasu da tauraron Yahudawa, wasu da jinjirin wata. A sashe na 60 Kyaftin Humayun Khan yake kwance, Musulmin da aka kashe a Iraƙi a 2004. Mahaifinsa, Khizr Khan, shi ne ya ɗaga kundin tsarin mulki a taron jam'iyyar Democrat a Filadelfiya a 2016, yana ƙalubalantar masu son hana Musulmi shiga ƙasar. A shekarar ce kuma ɗan wasa Colin Kaepernick ya durƙusa lokacin taken ƙasa don nuna ɓacin rai kan kisan baƙar fata a hannun 'yan sanda. Wasu suka kira shi butulu, wasu suka kira shi mai kishi.

Abin da na gani ya tabbatar mini cewa ɗaga tuta ba wuya gare shi ba, kowa na iyawa. Amurkawan da suka fi yi wa ƙasarsu aiki su ne irin su Douglass da Khizr Khan, waɗanda suka riƙe alkawarin da ta rubuta da hannunta suka ce sai ta cika shi ga kowa.