Lakar da ke Gindin Kwalba

Ma'aikacin gidan abincin ya kawo kwalbar a tsaye, yana tafe a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai a faifai, ya ajiye ta kusa da wani kofin gilashi mai faɗin baki. Ya karkata kofin ya fara tsiyayawa, farar kumfa ta taso ta yi tozo, sannan ya dakata tun kwalbar ba ta ƙare ba. Abin da ya rage a gindinta bai wuce kaurin yatsa ba, kuma ya fi na cikin kofin duhu. Ya ce wa baƙon wannan zaɓi ya rage nasa, wasu na shanyewa daga ƙarshe, wasu kuma na barinsa.

Su biyu ne a teburin, dukkansu 'yan Nijeriya masu karatun digiri na uku kan kimiyyar abinci a Beljiyam. Ɗaya Bakano ne, Musulmi, wanda ya nemi gahawa da ɗan cukun da ake yi a wurin. Ɗayan kuwa, wanda aka ajiye wa kwalbar, an haife shi a wani ƙauyen Maguzawa a kudancin Katsina, danginsa sun karɓi addinin Kirista tun zamanin kakanninsa. Shekara uku suna aiki a ɗakin gwaji guda, sun san sunayen 'ya'yan juna, amma akwai abu ɗaya da Bakatsinen bai taɓa faɗa wa abokinsa ba, kuma bai zo wurin da niyyar faɗa ba.

Wurin shi ne Orval, gidan sufaye na ɗariƙar Tarafis da ke can ƙuryar kudancin Beljiyam, dab da iyakar Faransa. Sufayen farko sun zo daga kudancin Italiya a 1070. Sojojin juyin juya halin Faransa sun ƙone gidan a 1793, ya zauna kango fiye da shekara ɗari, sai a 1926 aka fara sake gina shi, kuma don a samu kuɗin ginin ne aka kafa masana'antar giya a cikin harabarsa a 1931. A jikin kowace kwalba akwai hoton kifi da zobe a baki. Almarar wurin ta ce zoben auren gimbiya Matilda ta Tuskani ne ya faɗa cikin marmaron da ke nan, kifi ya fito mata da shi. Har yau ƙa'idar giyar da ke ɗauke da sunan Tarafis ita ce a yi ta a cikin harabar gidan sufaye, a ƙarƙashin kulawarsu, ribar kuma ta tafi ga buƙatun gidan da ayyukan jinƙai.

Bakanon ya nuna lakar da yatsa ya ce da wasa: "Mutumina, a ce duk tsaftar Turawa su kawo maka abu da datti a ƙasa?"

Ba datti ba ne, shi ma ya sani. Yawancin giyar da ake sayarwa a duniya ana tace ta har sai ta yi garau, a ɗumama ta don kashe duk wani abu mai rai da ke ciki, a kuma ɗura mata iskar kabon da inji kamar yadda ake yi wa lemon kwalba. Daga ranar da aka rufe ta, ba abin da ya rage mata sai tsufa. Wannan hanya ta samo asali ne daga binciken Louis Pasteur, wanda ya wallafa littafinsa kan giya a 1876, da kuma aikin Emil Christian Hansen na ɗakin gwajin Carlsberg a Danmak, wanda a 1883 ya ware tsantsar irin yisti guda ɗaya ya rene shi shi kaɗai. Ribar abin a fili take, domin kwalba ta farko da ta miliyan ɗanɗanonsu ɗaya ne.

Tsohuwar hanyar da Orval ta riƙe ta bambanta. Kafin a rufe kwalba, sai a ƙara wa giyar ɗan sukari da sabon yisti mai rai. Yistin ya cinye sukarin, ya mayar da kusan rabinsa barasa, rabi kuma iskar kabon, wadda ba ta da hanyar fita sai ta narke cikin ruwan. Giram huɗu na sukari a lita guda yana ba da iskar da ta kai kimanin lita guda. Ana ajiye kwalaben makonni a ɗaki mai zafin digiri 15 kafin su fita kasuwa. Yistin kan shanye ɗan iskar shaƙa da ta maƙale a wuyan kwalbar, wadda ita ce ke saurin lalata ɗanɗano, in ya gama aikinsa sai ya kwanta a ƙasa. Shi ne lakar. Saboda ita ake ajiye kwalbar a tsaye, ake kuma tsiyayawa da lallashi.

Duk wanda ya taɓa mantawa da gorar kunun zaƙi a mota da rana ya ga wannan aikin da idonsa: zuwa yamma gorar ta kumbura ta yi tauri, in an buɗe ta yi tsaki, ɗanɗanon ya juya. A can kuskure ne. A nan kuwa an auna sukarin, an zaɓi yistin, an yi kwalba mai kaurin da za ta iya ɗaukar matsin.

Bakatsinen ya juya kwalbar ya duba ranar da aka ɗura ta, domin Orval na buga ranar a jikin takardar, tare da wa'adin shekara biyar. Tasa ta haura shekara biyu. Wannan na da muhimmanci, saboda cikin yistin da ake ƙarawa akwai wani na daji mai suna Brettanomyces. Wani masanin Carlsberg, Niels Hjelte Claussen, shi ya bayyana shi a 1904 bayan ya same shi a tsofaffin giyar Ingila, ya raɗa masa sunan da ke nufin naman gwarin Birtaniya. Masu yin ruwan inabi da yawa suna ɗaukarsa annoba. Yana aiki a hankali, wata da watanni, yana cin ragowar sukarin da yisti na yau da kullum ba ya iya ci. Don haka kwalba 'yar wata uku da 'yar shekara biyu, ko da daga tukunya ɗaya suka fito, sun zama abu biyu. Sabuwar tana da ƙamshin furen hof, tsiron nan mai ɗaci da ake jiƙawa a cikinta, da wani abu kamar ɓawon lemo. Tsohuwar zaƙinta ya janye, ɗacinta ya lafa, tsami ya shigo.

Bai yi gaggawar sha ba. An kawo ta da ɗan sanyi kaɗan, wajen digiri 12 zuwa 14, domin sanyin firiji yana rufe ƙamshi. Launinta ja ne mai ratsin ruwan zuma. Ya kai kofin hancinsa, kuma abin da ya fara zuwa masa shi ne warin fatar da ta fito daga majema, sai na bargar doki da safe, sai wani tsami siriri a ƙarƙashinsu. Ya kurɓa. Kumfar ta yi laushi a harshe, ƙwayoyinta ƙanana, ba irin na lemon kwalba masu yaƙushin maƙogwaro ba. Ɗaci ya zo daga baya ya zauna, bakin ya bushe kamar na wanda ya tauna goro, har ya ji yana son ya sake kurɓa don ya gane abin da ya wuce shi. Daga nan ya tsiyaye lakar a ƙaramin kofi ya ɗanɗana. Tana da kauri, tana da gardi kamar ƙullun da ya kwana, kuma a nan ne ya ajiye kofin ya yi shiru.

Ya san wannan warin tun kafin ya san harafin farko. Mahaifiyarsa burkutu take dafawa. Takan jiƙa dawa, ta baza ta a rufe da ganye tana yayyafa ruwa har ta tsira, ta shanya, ta kai niƙa, ta dama ta dafa a manyan tukwane, ta bar shi ya kwana ya yi tsami, ta sake dafawa, in ya huce ta zuba masa ɗan ragowar na baya da take ɓoyewa a wata ƙaramar ƙwarya. Aikin kusan mako guda ne, kuma ranar kasuwa ake nufa da shi. Da kuɗin waɗannan tukwane aka saya masa kayan makaranta, aka biya kuɗin jarrabawa, aka sa shi a mota zuwa jami'a. Shi kuwa tun ranar da wani yaro a makarantar kwana ya kira shi ɗan mai giya, dukan ajin suka yi dariya, bai sake ambatar sana'arta ba. Duk takardar da ta tambayi aikin mahaifiya, 'yar kasuwa yake rubutawa. Ya yi shekara ashirin yana ƙoƙarin nuna cewa albasa ba ta yi halin ruwa ba, sai ga shi ya ƙare a ɗakin gwaji yana ƙirga ƙwayoyin yisti.

Abin da ya tsaya masa a rai shi ne ya daɗe da sanin kimiyyar abin. Ya san tsamin dare ɗaya na tukunyarta aikin ƙwayoyin da ke tsinka nono ne, kuma tsamin ne ke hana miyagun ƙwayoyi yaɗuwa. Ya san ƙwaryar da take ɓoyewa iri ce take renonsa daga dahuwa zuwa dahuwa, kamar yadda ake renon yisti a kowace masana'anta. Ya san cewa da gwamnatin Nijeriya ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, manyan kamfanoni dawa suka koma wa, har lemukan malt marasa barasa da ake rabawa a bukukuwa da yawansu akwai dawa a ciki. Ya rubuta duk wannan a jarrabawa ya ci. Abin da bai taɓa yi ba shi ne ya sa sunan mahaifiyarsa a cikin jerin waɗanda suka san aikin.

Ya dubi motocin baƙi da ke jere a waje, mutanen da suka yi tafiyar sa'o'i don su ga inda ake wannan sana'a, a ƙasar da hukumar UNESCO ta sa al'adar giyarta cikin kayan gadon ɗan Adam a 2016. Sannan ya ce wa abokinsa: "Malam, Innata burkutu take yi. Da shi na yi karatu."

Bakanon ya juya cokali a cikin gahawarsa na ɗan lokaci. Ba ya sha, ba ya kuma ganin shan daidai ne, abokinsa ma bai sa ran zai canza ra'ayi ba. Abin da ya ce shi ne: "Tana nan da rai?" Da aka ce masa tana nan, sai ya ce: "Allah Ya ƙara mata lafiya. Ta yi ƙoƙari a kanka."

Kamanta tukunyar ƙauye da kwalbar Orval yana da iyaka, kuma Bakatsinen ya fi kowa sanin iyakar. Ya ga magidantan da suka shanye kuɗin amfanin gonarsu a zauren mahaifiyarsa tun kafin damina ta zagayo, ya ga matansu suna zuwa neman su da dare. Kyan kofi da tsufan gini ba su canza abin da barasa ke yi wa mai yawan shanta, ko a Beljiyam ko a Katsina, kuma wadda ke gabansa kashi 6.2 cikin ɗari aka rubuta mata, wato ta fi yawancin giyar kasuwa ƙarfi. Ta fuskar sana'a ma akwai tazara. Burkutu a buɗe yake, kowace ƙwaya na iya faɗawa ciki, cikin 'yan kwanaki ya zama ruwan tsami. Sufaye sun samu kwalba da ma'aunin zafi da rubutaccen tarihi, abin da ya sa iliminsu ya daɗe, aka san shi da sunansu. Na mahaifiyarsa yana hannunta da hancinta kawai, ba ɗaya daga cikin 'ya'yanta mata da ta gaje ta, kuma ranar da ta rasu zai bi ta.

Da suka koma masauki da daddare, ya kira ƙaninsa ya ce a kai wa Inna wayar. Bayan gaisuwa da tambayar jikoki, ya ce: "Inna, in kin zuba na cikin ƙwaryar nan, yaya kike gane tukunya ta kai?"

Ta yi shiru, don a shekara ashirin bai taɓa tambayarta komai game da tukwanen ba. Sannan ta yi dariya ta ce ai da kunne ake ganewa. In ta tashi da asuba takan durƙusa ta kara kunnenta a jikin tukunyar. In tana ƙara kamar ruwan sama a kan rufin kwano, da saura. In ƙarar ta koma kamar yayyafi a kan ciyawa, to a kira mutane.

Ya jawo littafin da yake rubuta sakamakon gwaji, ya buɗe sabon shafi, ya rubuta kwanan wata da cikakken sunanta a sama. Ya ce: "Inna, fara mini daga jiƙon dawar. Kwana nawa?"