Darar Turawa, da dara a Turawa

Duk wadda ta ji an ce "darar Turawa" za ta ɗauka ces ake nufi, wasan nan na allo mai gida 64 da Magnus Carlsen ɗan ƙasar Norway ya shahara a kansa. To akwai wata Turawar, gari ne a ƙaramar hukumar Karaye, yammacin Kano, yankin da madatsar ruwan Challawa take, makwabta da Rogo. Can ma ana dara, amma irin tamu.

Bayan la'asar, in an dawo daga gona, za ki ga maza sun yi da'ira a gindin bishiya. Babu allo, ƙasa ake tona wa gurabe 30. Kowa 'ya'ya 12 gare shi, wannan da tsakuwa, wancan da guntayen kara. Sai an gama zuba su ɗaya bayan ɗaya sannan a fara tafiya, gaba ko baya ko gefe, ban da karkace. Wanda ya jera uku ya cire ɗan abokin karawarsa. Gwanaye tun wajen zubi suke gama da mutum, shi bai sani ba.

A gasar duniya ta ces mai sauri, minti 15 ake ba kowane gwani, da ƙarin daƙiƙa 10 a kowane taku, zauren kuma tsit. A Turawa babu agogo, 'yan kallo ne agogon. Da mutum ya daɗe yana tunani zai ji "Malam, taka mana!" Ga tsokana, ga shewa, kuma a haka ake so ya hango taku uku gaba. Ni dai ban ga abin da ya fi wannan wuya ba. In tarkon da ya ɗana ya kama shi, sai a kwashe da dariya: dara ta ci gida.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, masu furfura sun fi yawa a da'irar. Samarin na gefe, kowa ya duƙufa kan waya. A Legas kuwa, Tunde Onakoya da ces yake jawo yaran unguwannin talakawa zuwa karatu. A 2024 ya shafe awa 60 yana bugawa a New York don tara musu tallafi.

Uwargida, tamu darar ko sisi ba ta ci. Bayan kwali da murafan lemo 24 sun isa a tsakar gida. Kakan yara ya san dokokin, a tambaye shi tun yana nan.